Yadda Ake Haɗa Hawan Babur a Tsaunukan Nepal, Zaman Shiru da Ziyarar Gandun Daji a Tafiya Ɗaya

Faɗin ƙasar Nepal daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 200 ne kacal, amma a cikin wannan ɗan taƙi ƙasar take tashi daga fadamun da ba su kai mita 100 sama da teku ba, har ƙololuwar Everest mai mita 8,849. Shi ya sa mutum zai kwana yau a inda ruwa ke daskarewa a cikin gora, bayan kwana uku kuma ga shi a bakin kogi yana share gumi, yana kallon karkanda tana kiwo a tsallake. A tsakanin biyun akwai gidajen da mutane ke shiga su rufe baki na kwana da kwanaki, ba waya, ba hira.

Ana iya haɗa ukun a tafiya ɗaya, sai dai kowanne da irin gudunsa. Babur yana son ido a buɗe da hannu mai sauri, zaman shiru yana son jiki ya lafa, daji kuma ba ya nuna wa mai gaggawa komai. Wanda ya jera su ba tsari zai dawo da gajiya da hotuna, shi ke nan. Jerin da na gamsu da shi shi ne tsauni da farko, shiru a tsakiya, daji a ƙarshe, kuma da kwanakin da ba a tsara musu komai ba a tsakaninsu.

Fara da ranar da ba ta motsi

Kafin tikitin jirgi, kafin babur, nemi gurbin zaman shirun. Babur kullum ana samu, gandun daji kullum yana nan, amma cibiyoyin zaman shiru suna da ranakun farawa ƙayyadaddu, kuma guraben suna cika tun makonni kafin lokaci. Idan ka samu ranarka, sai ka ƙirga baya ka sa hawan tsauni, ka ƙirga gaba ka sa daji.

Watannin da suka dace su ne Oktoba da Nuwamba, sai Maris da Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi, duwatsu suna zaftarewa su toshe hanya, wani lokaci na kwanaki. Za ka ji ana cewa yankin Mustang, inda hawan babur ɗin zai kai ka, ba ya samun ruwan sama sosai domin tsaunuka sun tare masa gajimare. Gaskiya ne, amma hanyar da za ta kai ka can ta cikin inda ruwan yake ta bi. Disamba da Janairu kuwa sanyin sama ya wuce wasa, masu masauki da yawa ma kan rufe su sauko. Ka kuma duba ranakun bukukuwan Dashain da Tihar, waɗanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Satumba da Nuwamba. A lokacin motoci suna cika maƙil, ofisoshi suna rufewa, bakaniken da kake nema ya tafi ƙauyensu.

Ga lissafin kwanaki: uku na sauka da takardu, takwas ko tara a kan babur, biyu na hutu, sha biyu idan za ka yi cikakken kwas na shiru, huɗu a daji. Ka ga wata guda ya cika ba ko numfashi. Saboda haka ko dai ka nemi biza mai tsawo, ko ka rage zaman shirun zuwa kwana biyar.

Takardu

Bizar yawon buɗe ido ta Nepal hawa uku ce: ta kwana 15 dala 30, ta kwana 30 dala 50, ta kwana 90 dala 125. 'Yan ƙasashe da yawa suna karɓarta a filin jirgin Tribhuvan da ke Katmandu, amma akwai jerin ƙasashen da ba a ba 'yan cikinsu biza a filin jirgi, ciki har da Najeriya, Ghana, Kamaru, Laberiya, Somaliya da Habasha. Mai fasfon ɗaya daga cikin waɗannan sai ya nema tun daga gida ta ofishin jakadancin Nepal, kuma a nahiyar Afirka akwai su a Alƙahira da Pretoria. Wannan ya kamata a fara shi wata biyu kafin tafiya, don kamfanin jirgi ma ba zai ɗauke ka ba idan bai ga biza ba. Wanda zai taso daga ƙasar da ake samun cutar shawara ya riƙe katin rigakafinta.

Sai lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda aka buga masa hatimin babur, tare da lasisinka na asali. Mai ba da haya ba lallai ya tambaye ka ba, kuɗinsa yake so. Ɗan sanda zai tambaya, kuma kamfanin inshora zai tambaya ranar da ka fi bukatarsa.

Batun inshora ka zauna ka karanta ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa. Yawancin inshorar matafiya ba ta biyan hatsarin babur mai babban inji, wasu kuma suna yanke iyakar tsayin da suke ɗaukar nauyi. Kana bukatar wadda ta ambaci babur mai girman wanda za ka hau, ta kai aƙalla mita 4,000, ta kuma haɗa da ɗauko majinyaci da jirgi mai saukar ungulu. A can sama, idan ƙafa ta karye, shi ne motar asibiti, kuma kuɗinsa dubban daloli ne.

Takarda ta ƙarshe ita ce izinin shiga yankin kariya na Annapurna, wanda kowa ke kira ACAP. Rupi 3,000 na Nepal ne ga baƙo, ana yin sa a ofishin hukumar yawon buɗe ido a Katmandu ko Pokhara, birnin da za ka fara hawan babur daga cikinsa, da fasfo da ƙananan hotuna. Asabar ranar hutu ce a Nepal, kada ka ajiye aikin ofis sai ranar. Daga ƙauyen Kagbeni zuwa arewa, wato Mustang ta Sama da birninta Lo Manthang, yanki ne da sai a 1992 aka buɗe wa baƙi, kuma yana da izini na musamman da ake biya da dala ta hannun kamfani mai rajista, tare da jagora. A tafiyar farko ka bar shi. Abin da ke ƙasa da Kagbeni ya isa ya cika maka ido.

Ka sayi layin waya a Katmandu. Ncell da Nepal Telecom ne manyan biyu, kuma na biyun ya fi kamawa a cikin tsaunuka. Ka ciri tsabar rupi isasshe kafin ka bar Pokhara.

Zaɓen babur

Shawarata ita ce kada ka karɓi babur a Katmandu. Hanyar Prithvi da ta haɗa Katmandu da Pokhara kimanin kilomita 200 ce, cike da manyan motocin kaya da bas-bas masu wuce juna a kan kwana, ga ƙura, ga kogin Trishuli a ƙasa. Babu abin da za ka koya a kanta sai fargaba. Shiga bas ta 'yan yawon buɗe ido, ko jirgin da bai kai rabin awa ba, ka yi hayar babur a Pokhara, a unguwar bakin tafkin Phewa inda masu hayar suke jere.

Za a nuna maka Royal Enfield Bullet ko Classic mai inji 350, da Royal Enfield Himalayan, da Honda CRF, da ƙananan Bajaj. Bullet yana da kyau a hoto da daɗin ƙara, amma nauyi gare shi kuma cikinsa kusa da ƙasa yake, duwatsu suna dukan sa. Himalayan an ƙera shi ne domin irin wannan hanya, kuma kowane bakanike a yankin ya san cikinsa. Honda CRF ya fi sauƙin ɗagawa idan ya faɗi, kuma zai faɗi. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in hau, in ga ko tafin ƙafata yana taɓa ƙasa, sannan in kwantar da babur ɗin a hankali in ga ko zan iya tayar da shi ni kaɗai. Wanda ba za ka iya ɗagawa a ƙasa ba, ba za ka iya ba a mita 3,500 inda numfashi ke yankewa.

Kafin ka ba da ko sisi, duba haƙoran taya biyun, ka matsa birkin gaba da na baya, ka taɓa sarƙa ka ji ko ta saki, ka leƙa ƙarƙashin inji ko baƙin mai yana ɗiga, ka gwada fitila da oda. Ka tayar da shi da kanka yana sanyi, domin babur ɗin da aka riga aka ɗumama maka yana ɓoye ciwonsa. Ɗauki bidiyon jikinsa gaba ɗaya a gaban mai shi, kowane ƙarce da lotsawa. Ka karɓi takardar rajistar babur ɗin, wadda suke kira bulubuk, a rubuta wa ke biyan me idan abu ya lalace. Idan sun nemi ka bar fasfo jingina, ka ce a'a, ka ba da kuɗin ajiya da kwafi. Fasfon za a nema a shingayen bincike.

Na taɓa yin sakaci da wayar kuloci. Wani mai haya ya ce sabuwa ce, ni kuma ban duba ba. Ta tsinke mini a kan hawa, bayan Tatopani, da yamma, na tura babur mai nauyin buhu uku na kusan awa guda kafin wata motar kaya ta tsaya. Tun daga ranar, jakata ba ta rabuwa da wayar kuloci da ta totur, fulogi, tib na gaba da na baya, kayan faci, ƙaramin famfo da 'yan sufanu. Hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, takalmi mai kare idon sawu da abin kare gwiwa kuwa ka zo da naka idan da hali, na haya sun sha wuya.

Hanyar Kali Gandaki, zango zango

A Nepal ta hagu ake tuƙi. Ba da yini guda kana zagaya Pokhara har hannunka ya saba, musamman a shataletale da lokacin fitowa daga gidan mai, inda tsohon sabo yake fizgar mutum. Saniya dabba ce mai tsarki a wurinsu, doka ta hana kashe ta, kuma ta san haka, don a tsakiyar titi take kwanciya. Zagaye ta.

Rana ta farko, Pokhara zuwa Beni, kimanin kilomita 80, mafi yawa kwalta. Cika tanki a Beni, domin daga nan gidajen mai sun yi ƙaranci. Idan da sauran rana ka ƙarasa Tatopani, wanda ma'anar sunansa ruwan zafi, saboda maɓuɓɓugar da ke bakin kogi. Bayanka zai gode maka.

Rana ta biyu ita ce ta gaske. Daga Tatopani, ta Dana da magangarar ruwan Rupse, zuwa Ghasa, hanya ta manne a jikin dutse, kogin Kali Gandaki yana ruri can ƙasa, Dhaulagiri mai mita 8,167 a hagunka, Annapurna mai mita 8,091 a damanka. An shimfiɗa kwalta a wurare da yawa, amma ruwa da zaftarewar ƙasa ba sa barin ta ta daɗe, sai ka ga santsin titi ya koma gargada da taɓo ba sallama. Ga abin da ke tsare mutum a nan. A gangara, sa giya ta ɗaya ko ta biyu, ka bar inji ya riƙe babur. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ya yi zafi ya daina kamawa. A kan tsakuwa ka fi amfani da birkin baya, na gaba kuma da yatsa biyu a hankali, don cafke shi da ƙarfi shi ke zubar da mutum. A wurin da ya yi muni ka miƙe tsaye a kan matakai, ka saki kafaɗa, ka kalli inda kake son zuwa. Ido yana jan babur, wanda ya ƙura wa rami ido a ramin zai ƙare. Kowace kwana da ba ka ganin bayanta, danna oda. Idan babbar mota ko ayarin alfadarai ya taho, tsaya ta ɓangaren dutse, kada ka taɓa tsayawa ta ɓangaren rami, ko da shi ne hannunka.

Ruwan da ke ratsa hanya kuwa da safe ake ƙetare shi, kafin rana ta narkar da ƙanƙarar sama ya ƙaru. Sauka ka duba zurfinsa, ko ka jira wani ya wuce ka ga inda ya bi. In ka shiga, giya ta ɗaya, totur a daidai, kada ka saki har ka fita.

Bayan Ghasa, a kusan mita 2,000, sai duniya ta canza. Kore ya ƙare, kwari ya buɗe ya zama fili na tsakuwa da yashi. Ka kwana a Marpha, ƙauyen fararen gidajen dutse da gonakin tuffa, ka ci shinkafa da miyar wake irin ta mutanen Thakali, wadda ake ƙara maka har sai ka rufe faranti da hannu. A wannan kwari akwai iskar da ke tasowa daga kudu kullum da hantsi, ta yi ta ƙaruwa har yamma, tana ɗauke da yashi mai dukan fuska. Jiragen da ke sauka garin Jomsom, gaba da Marpha kaɗan, su ma da sassafe kawai suke zirga-zirga saboda ita. Don haka ka tashi ƙarfe shida, ka sauka kafin azahar.

Rana ta uku gajeriya ce: Marpha, Jomsom a kimanin mita 2,700, sai Kagbeni a 2,800. Ka kwana biyu a nan. Za ka ji kamar ɓata lokaci ne, amma jikinka yana aiki. Babur yana hawa da mutum fiye da yadda jini ke iya sabawa da ƙarancin iska, kuma ciwon tsauni yana fara kama mutane daga mita 2,500. Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce, sama da mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Muktinath tana kusan mita 3,800, saboda haka ka hau da safe, ka ga wurin ibadar Hindu da mabiya Buda mai bututun ruwa 108, ka sauko Kagbeni ka kwana. Ciwon kai da rashin cin abinci da rashin barci alama ce ta ka dakata. Tangaɗi kamar mashayi, ruɗewa, ko haki alhali kana zaune, alama ce ta a sauko da kai nan take, ko da tsakar dare ne, kuma ba kai za ka tuƙa ba. Akwai maganin acetazolamide da ake sha don rigakafi, ka yi maganarsa da likita tun a gida. Babur ma yana jin tsayin: inji yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, mai kafireta kuma yakan yi ta tari. Ba lalacewa ya yi ba.

Dawowa kwana biyu ko uku ce, kuma a nan aka fi faɗuwa, domin mutum ya fara jin ya iya.

Zaman shiru

Mayar da babur, ka yi kwana biyu a Pokhara ba ka yin komai sai wanki da barci. Wanda ya sauko daga babur ya zarce ɗakin shiru, kwana ukun farko gyangyaɗi zai yi, kunnensa na ƙarar inji.

Tsarin da ya fi shahara shi ne Vipassana, wato zaman lura da numfashi da abin da jiki ke ji, ta hanyar S. N. Goenka, ɗan asalin Indiya haifaffen Bama, wanda ya rasu a 2013. A Nepal akwai Dhamma Shringa a Budhanilkantha, gefen Katmandu, da Dhamma Pokhara kusa da tafkin Begnas, da Dhamma Janani a Lumbini. Ana cike takardar nema ta intanet. Ba a biyan kuɗi, wanda ya kammala ne yake ba da gudummawar abin da ya ga dama. Kwas ɗin kwana goma ne, amma da ranar shiga da safiyar fita ya zama sha biyu. Ana karɓe waya, littafi da alƙalami. Ƙararrawa tana kaɗawa ƙarfe huɗu na asuba, a fara zama huɗu da rabi, a yi kimanin awa goma a zaune cikin yini, a kashe fitila tara da rabi na dare. Abinci ba nama, karin kumallo da safe, na rana ƙarfe sha ɗaya, da yamma sai shayi da 'ya'yan itace. Maza daban, mata daban. Kwana tara ba magana, ba ishara, ba haɗa ido, sai da malami. Kwana ukun farko lura da shigar numfashi da fitarsa kawai ake yi, a rana ta huɗu a koma bin abin da jiki ke ji daga kai zuwa ƙafa.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka cike takarda. Dokar waɗannan cibiyoyi ta nemi a dakatar da duk wata ibada a tsawon kwanakin, har da addu'o'i, azumi da jan carbi. Mai salla biyar ya san abin da wannan ke nufi. Ka rubuta musu ka tambaya ƙarara, ka karɓi amsa a rubuce, kada ka je da niyyar ɓoyewa a bayan ɗaki, domin ba ka yi wa kanka adalci ba, ba ka yi musu ba. Gidan ibadar Kopan da ke kusa da Boudhanath shi ma yana karɓar baƙi, amma darussansa koyarwar addinin Buda ce ta Tibet kai tsaye. Haka kuma takardar neman tana tambayar tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa. Faɗi gaskiya. Shiru mai tsawo yana tono abin da aka binne, kuma wurin ba asibiti ba ne.

Ni da sharaɗin bai yi mini ba, sai na haɗa nawa. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a kan tudun da ke kallon tafkin Begnas, na biya kwana shida, na yi wa mai gidan bayani cewa ba fushi nake ba, shiru nake so. Na miƙa masa wayata a cikin ambulan, na ba iyalina lambarsa saboda larura. Muka yi yarjejeniya a ajiye mini abinci sau biyu a bakin ƙofa. Na rubuta jadawali na manna a bango: tashi kafin asuba, ibada a kan lokutanta, zama na minti arba'in sau huɗu, tafiya a hankali a bakin ruwa safe da yamma, kwanciya bayan isha. Jadawalin shi ne ginshiƙin abin, in babu shi zaman ya zama barci da tunanin bashi. Zaman kansa ba shi da wani sirri: matashi a ƙarƙashin ɗuwawu don gwiwa ta sauka, baya a miƙe, hankali a kan numfashi, in ya gudu ka dawo da shi ba tare da faɗa ba. Rana ta biyu da ta uku su ne masu ɗaci, hannuna ya yi ta laluben aljihun da babu waya. A rana ta huɗu na lura cewa na yi rabin awa ina kallon wani tsuntsu mai kamun kifi a kan reshe, ban ƙosa ba.

Ranar da ka fito kada ka tuƙa komai, kada kuma ka buɗe saƙonni gaba ɗaya.

Chitwan

Daga Pokhara zuwa Sauraha, ƙauyen da ke bakin gandun, kimanin kilomita 150 ne ta Mugling da Narayanghat. Bas za ka shiga. Chitwan shi ne gandun daji na farko da Nepal ta kafa, a 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 950, kuma sojoji ne ke gadinsa. Ƙidayar 2021 ta sami karkanda mai ƙaho ɗaya 752 a ƙasar, 694 daga ciki a Chitwan. Ƙidayar 2022 ta sami damisa mai ratsi, irin ta Bengal, guda 355 a Nepal, 128 a nan. Karkanda kusan tabbas za ka gani. Damisa sai rabo, yawanci sawunta kawai ake nuna wa mutum a kan yashi. Wanda ita ce burinsa ya fi kyau ya nufi gandun Bardiya a yammacin ƙasar, inda mutane suka fi ƙaranci, sai dai tafiyar doguwa ce.

Kuɗin shiga rupi 2,000 ne a kowace rana ga baƙo. Fara da kwalekwale a kogin Rapti da sassafe, lokacin da hazo ke kwance a kan ruwa. Za ka ga kada iri biyu: mai faɗin baki, wanda shi ne abin tsoro, da gharial mai siririn dogon baki, mai cin kifi, wanda ya kusa ƙarewa a duniya. Hannunka ya zauna cikin jirgi. Rana ta biyu ka ɗauki mota mai buɗaɗɗen baya ta yini guda maimakon ta rabin yini, domin ita ce ke nisa da cunkoso. Hawan giwa kuwa ni ba na yi, na ga yadda ake ɗaure su da sarƙa. A Oktoba da Nuwamba ciyawa ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, ta kan ɓoye dabbobi. Bayan an yanke ta a watan Janairu, daga Fabrairu zuwa Afrilu an fi gani.

Abin da ya fi komai shi ne shiga da ƙafa. Ba a shiga sai da jagorori biyu masu lasisi, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma sanda ce kawai a hannunsu. Da yawansu 'yan ƙabilar Tharu ne, waɗanda kakanninsu suka zauna a dajin nan tun yana cike da zazzaɓin cizon sauro. Sa tufafi masu launin ƙasa, doguwar riga da dogon wando, ka bar turare a masauki. Kafin a shiga za su yi maka bayani, ka saurara da kunne biyu. Karkanda ba ta gani sosai amma hancinta da kunnenta masu kaifi ne: idan ta taso, hau bishiya ko ka laɓe bayan mai kauri, in ba bishiya ka yi gudun karkace-karkace ka jefar da hula ko jaka ta tsaya shinshina. Beyar mai cin gara ita jagorori suka fi tsoro: a dunƙule wuri ɗaya, a yi ihu, a buga sanduna. Damisa kuwa ka kalle ta, ka ja da baya a hankali, kada ka juya ka ruga.

A yini na uku, jagoranmu ya ɗaga hannu muka tsaya a gefen wani tafki. Baƙi biyu da ke tare da mu suka yi minti goma suka fara motsi da raɗa, jagora na biyu ya koma da su inuwa. Ni da na gaban muka zauna a kan wani kututture, kusan awa guda, ba wanda ya ce uffan. Ƙudaje suka gama bincike a fuskata suka tafi. Sai wani dutse mai ruwan toka a tsakiyar tafkin ya kaɗa kunne, ya ɗago, ruwa na zuba daga ninkin fatarsa, ga kuma ƙaramin dutse a gefensa yana tura hanci. Jagoran ya taɓa gwiwata da yatsa ɗaya, ya nuna mini bishiyar da zan hau idan uwar ta juyo.